Akwatin Yaya Habibu Ya Cika

Ikilima na shirin dama koko Yaya Habibu ya tsaya a ƙofar madafa, waya a hannu, rai a ɓace.

"Ke, abin nan naki ya sake tsayawa."

Abin nan nata shi ne imel ɗin kamfani. Muddin yana aiki lafiya, na kamfani ne: Alhaji Tsoho da 'Ya'yansa, dillalan gyaɗa, masu ofis a shagon da ke jikin gidansu a Ƙaraye da sito biyu, ɗaya a Tudun Kaya ɗaya a Rogo. Ranar da ya ƙi kuwa, sai ya koma na Ikilima ita kaɗai.

Ta ajiye ludayi, ta goge hannu a zani, ta karɓi wayar. Ko minti ɗaya ba ta yi ba ta miƙa masa.

"Yaya, datarka ce ta ƙare."

"To da ba sai ki saita shi yadda zai riƙa gaya wa mutum ba?" Ya juya ya fice. Kafin ta koma kan tukunya ruwan ya huce, kokon ya tsinke, mahaifiyarsu Inna Saude kuma ta yi mata faɗan ɓarnar ƙullu.

Shekara uku ke nan ana haka. Ita ce ta yi wa kamfanin rajistar sunansa a intanet lokacin da manyan masu sayen gyaɗa na Legas suka ce ba sa hulɗa da adireshin kyauta. Ita ta kama musu hayar gurbi a sabar, wato babbar na'urar da ke karɓar saƙonni ta raba wa kowa a akwatinsa. Ita ta buɗe akwati goma sha ɗaya, ta bi wayoyin ma'aikata ɗaya bayan ɗaya ta ɗora musu. Takardar babbar diflomarta ta kwamfuta tana rataye a bangon ofis cikin gilashi, Yaya Habibu ma yakan nuna wa baƙi ita. Amma ba ta da tebur a ofishin, balle albashi. Sau ɗaya ta taɓa tayar da maganar, ya yi dariya ya ce, "A gidan ubanki za a biya ki?"

Tun bayan ƙaramar Sallah take neman aiki a Kano. Wuri uku ta aika takardunta: wani asibitin kuɗi da ke neman mai kula da na'urorinsa, wani kamfanin sufuri, da wata makaranta. Ba ta ɓoye wa kowa ba. A gaban Baba ta faɗa, ya ce Allah ya zaɓa mafi alheri. Adireshinta na kamfani ta ba su, don tana so duk wanda ya gani ya san ita ta gina shi. Asibitin har jarabawa suka yi wa masu nema ta intanet. A kwamfutar ofis ta zauna ta yi tata, Yaya Habibu na kai da kawo a bayanta, ta kuma san ta amsa da kyau. Daga nan sai shiru.

Kullum da ta idar da sallar asuba sai ta buɗe akwatinta. Tallace-tallace, ƙorafin ma'aikata, shi ke nan. Ko na ba da haƙuri babu. Ta yi zaton ko wata matsala ce, ta sa wata ƙawarta ta aiko mata gaisuwa daga Zariya, saƙon ya faɗo nan take. Sau biyar suka gwada, duk ya shigo. Sai ta sa wa ranta cewa akwatin lafiyarsa lau, ita ce dai ba a so. Ta koma tana karanta takardunta tana neman inda ta gaza. Cin abincinta ya ragu, maganarta ma ta ragu. Inna ta ce ƙila shawara ce, ta jiƙa mata magani.

Da kaka ta shigo, aka fara tumbuke gyaɗa, sai babbar matsala ta faɗo. Duk saƙon da kamfanin ya aika Legas sai ya dawo. Yaya Habibu ya shigo tsakar gida yana kiranta tun daga zaure.

"A lokacin da muka fi buƙatarsa? Wai me kika karanta ne a Kanon?"

Ta buɗe kundin da sabar ke rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya fita, ta ga akwatin Malam Ɗantala, mai kula da siton Rogo, ya aika saƙo sama da dubu huɗu cikin kwana biyu, duk tallan ƙarya zuwa ƙasashen da bai ma san sunansu ba. Saboda haka aka saka sunan kamfanin cikin jerin masu aika shara, manyan sabobi suka daina karɓar komai daga gare su. Ta rufe akwatin daga nan inda take, amma dole ta ga wayar da idonta. Ta roƙa a kai ta a motar kamfani, aka ce motar ta tafi ɗauko kaya. Ta hau ta haya, ana yayyafi, aka matse ta a tsakanin buhunan barkono har Rogo.

Malam Ɗantala dattijo ne, sa'an Babanta. Ya shimfiɗa mata buhu a kan benci, suka gaisa a tsanake, ya tambayi Alhaji da Inna da mutanen gida, sannan ya sunkuyar da kai.

"'Yata, saƙo ne ya zo, aka ce za a rufe min akwati in ban saka lambar sirrina ba. Na ga da tambarin kamfani a jiki. Na ɗauka ke ce."

"Ba ni ba ce, Baba Ɗantala. Kuma ba zan taɓa tambayarka ita ta saƙo ba. Ko da sunana ka gani, ka kira ni tukuna."

Ta canza masa kalmar sirri, ta wanke wayar, ta nuna masa yadda zai duba ainihin adireshin mai aikowa. Kwana uku ta yi tana rubuta wa masu riƙe da jerin nan bayanin abin da ya faru da gyaran da ta yi, tsakanin tuƙa tuwo da wanke-wanke, kafin suka cire sunan. Ranar da saƙo ya koma tafiya, ta ji Yaya Habibu a ƙofar gida yana gaya wa Baba, "Mun shawo kan abin."

Mako biyu bayan haka, ran wata Alhamis da hantsi, ya kira ta ofis yana neman makullin mota. Mutanen Legas sun aiko da takardar kwangilar bana sau uku, tana koma musu da bayanin cewa akwatinsa ya cika. Sun ce in ba a sa hannu an mayar ba kafin ƙarfe huɗu, za su ba wasu.

"Na sha gaya maka ka riƙa goge bidiyoyin nan, Yaya."

"Ba wa'azi na kira ki ba. Ni Gwangwan zan je, ana jira na a wurin awo. Ki shiga ki goge duk abin da za ki goge, in ta shigo ki kira ni."

Ba ta taɓa buɗe akwatin wani ta karanta ba, duk da tana da iko. Ranar ma ba karatu ta shiga yi ba. Ta jera ma'ajiyoyin akwatin bisa girmansu, ta fara share bidiyon biki da hotunan buhuna na shekara biyu. Can ƙasa ta ga wata 'yar ma'ajiya da aka sa wa suna da haruffa biyu na farkon sunanta. Saƙo bakwai ne a ciki. Duka bakwai ɗin zuwa gare ta aka aiko su.

Na farko daga asibitin ne, wata biyar da suka wuce, suna taya ta murnar cin jarabawa, suna gayyatarta intabiyu. Na biyu tuni ne. Akwai ɗaya daga kamfanin sufuri, ɗaya daga makarantar. Sauran ukun gajeru ne: sun karɓi amsarta, suna mata fatan alheri.

Wace amsa? Ta bincika kundin sabar, ta samu saƙo uku da suka fita da adireshinta, a ranakun da ba ta aika komai ba, an kuma goge su daga akwatinta. Kwafinsu yana nan manne a ƙasan saƙonnin. Magana ɗaya ce a duka ukun: tana godiya, amma ta fasa neman aikin saboda dalilai na iyali. A ƙasa an rubuta Ikilima Tsoho. Turancin ba nata ba ne. Akwai wata kalma da Yaya Habibu bai taɓa rubuta ta daidai ba, kullum ita ke gyara masa, ga ta nan sau uku da kuskurenta.

Ta buɗe saitin akwatinta, inda bai taɓa zuwa mata a rai ta duba ba, don wa zai taɓa shi? Sai ga umarni an saka, cewa duk saƙon da ke ɗauke da kalmar intabiyu, ko gayyata, ko ɗaukar aiki, a karkatar da shi zuwa akwatin Habibu kada ya tsaya a nata. Shi ya sa gaisuwar ƙawarta ke shigowa lafiya. Ta kuma gane hanyar da aka bi, domin ita ta koyar da ita. Ana gab da azumi Yaya Habibu ya ce yana zargin wani ma'aikaci da haɗa baki da masu saye, ta rubuta masa matakan ɗaya bayan ɗaya a takarda. Babban mabuɗin sabar kuwa da ma yana da shi, ita ta ba shi saboda tsaron rashin lafiya ko tafiya.

Agogon bango ya nuna sha biyu da rabi. Ta san in ta tashi ta koma cikin gida ba tare da ta ƙarasa ba, kwangilar ta tafi, ba kuma wanda zai iya cewa da gangan ne. Sai ta tuna manoman da gyaɗarsu ke jibge a sito bisa alkawarin nan, da su Malam Ɗantala. Ta ƙarasa sharar. Bayan minti goma takardar ta shigo. Ta buga ta, ta kai wa Baba ya sa hannu, ta mayar.

Sannan ta kira lambar da ke ƙasan wasiƙar asibitin. Wata mata ta ɗauka, ta ce ita ce Malama Khadijatu ta sashen ɗaukar ma'aikata. Da Ikilima ta faɗi sunanta, nan take matar ta gane ta.

"Na tuna ki. Ke ce kika fi kowa maki. Har na ce a kira ki a waya, sai aka ce tunda kin rubuto da kanki a ƙyale ki."

"Ba ni na rubuta ba."

"Subhanallahi. To, 'yar'uwa, ki yi haƙuri. Wanda muka ɗauka ya kusa wata huɗu da fara aiki."

Bayan la'asar Yaya Habibu ya dawo cikin fara'a, har da tsarabar rake. Ta same shi a ofis, ta ajiye masa takardun bakwai da ta buga a gabansa. Ya duba ta farko, ya ture sauran gefe.

"Cewa na yi ki goge, ban ce ki yi min bincike ba."

"Sunana ne a kai, Yaya."

"To sai me? Ke kin san abin da ake ciki a Kano? Mace ba aure, a ɗakin haya? Ni na fi ki sanin abin da ya dace da ke."

"Gidan Gwaggo da ke can Kanon na ce zan zauna, ka sani."

"Kuma in kin tafi wa zai riƙe mana wannan? Ki dubi abin da ya faru a Rogo. Da ba kya nan da mun rasa mutanen Legas. Ke ba kya tunanin gidanku, kanki kawai kika sani."

"Ka rubuta ƙarya da sunana."

"Wace ƙarya? Dalilai na iyali na ce. Ba iyali ba ne mu?"

Ta kwashe takardunta ta shiga wurin Inna. Inna na tsince shinkafa a faifai, ba ta ɗago ba har Ikilima ta gama.

"Yayanki ne. Ba zai cuce ki ba."

"Inna, kin sani?"

"Ni me na sani a harkar na'ura? An dai ce min an yi maganin abin." Ta hure ƙaiƙayi. "Kina ci kina sha, ba abin da kika nema kika rasa. Ki bar tayar da magana."

Saura Baba. Shi ne mai unguwarsu, kuma shekara talatin mutane na kawo masa ƙara a ƙofar gida saboda an san ba ya karkata. Washegari da safe ta jira a zaure har ya gama raba wasu maƙwabta biyu da suka zo a kan iyakar gona. Tana jin sa yana gaya wa ɗayan cewa matsar da dutsen iyaka a ɓoye ya fi cin gonar muni. Da ya shigo ta durƙusa ta gaishe shi, ta miƙa masa takardun. Bai karɓa ba.

"Na san da su. Shawara muka yi da Habibu."

Ta ɗago ta dube shi, abin da ba ta saba yi ba.

"Na ga in na ce miki a'a kai tsaye ranki zai ɓaci," in ji shi. "Na ce a bi ta hanyar da ba za a yi rigima ba. Karatun nan naki da gyaɗar nan aka yi shi. Ba laifi ba ne gidan ya amfana."

"Baba, da ka ce min kada in nema, da na san hana ni aka yi, in yi kukana in haƙura. Amma wata biyar aka bar ni ina zaton ni ce ban iya ba. Kuna kallona ina ramewa, Inna na jiƙa min magani."

Ya ɗauki carbinsa yana ja. Ta yi tsammanin zai ce a kira Habibu. Sai ya ce, "Abin da ya wuce ya wuce. Ki yi haƙuri. Allah ya yi miki albarka." Ya tashi ya shiga ciki.

A ranar ta sayi sabon littafin rubutu. Kwana biyu ta yi tana cika shi da Hausa mai sauƙi: kalmomin sirri duka, yadda ake buɗe akwati da rufe shi, abin da za a yi in akwati ya cika, da ranakun da ake sabunta kowane abu. Ta kai wa Yaya Habibu ta ce daga yau ta sauka. Ya jefa littafin cikin durowa ya ce fushi ne, zai wuce.

Bai wuce ba. In ya miƙo mata waya sai ta ce yana cikin littafi. Gidan ya juya mata baya. Matar Yaya Habibu ta daina amsa gaisuwarta. Inna ta ce ba ta taɓa ganin taurin kai irin wannan ba. Baba ya daina aikenta, wanda a gidan shi ne babban hukunci. Ita kuwa ta ci gaba da shara da girki da wanki, ba ta rage komai ba sai wannan abu ɗaya.

Kwana goma sha biyu bayan haka wa'adin shaidar tsaron sabar ya ƙare, wayoyin ma'aikata duka suka ƙi karɓar saƙo. Ranar sabunta ta da yadda ake yi duk suna shafi na huɗu, amma Yaya Habibu bai taɓa buɗe littafin ba. Kwana biyu kamfanin a tsaye, ya ƙi roƙonta, ita ma ba ta tanka ba. A rana ta uku aka tura motar kamfani Kano ta ɗauko wani Injiniya Abdulmumini. Aka share ofis, aka sayo lemo mai sanyi, aka yanka zakara. Ikilima ce ta fige shi ta dafa.

Da ta ɗauko tiren abinci ta iso ƙofar da ta haɗa zaure da ofis, ta ji muryar baƙon.

"Ai an gama, Alhaji. Abin da ke cikin littafin nan kawai na bi, minti ashirin ma bai kai ba. Wa ya rubuta shi?"

"Ƙanwata ce take ɗan taɓa-taɓa," in ji Yaya Habibu.

"Wannan ba taɓa-taɓa ba ne. Duk wanda ya shirya sabar nan ya san aikinsa. Irinta ake nema a Kano ido rufe. Me take yi a gida?"

"Ka san mata. Ita ba ta son fita aiki."

Ikilima ta yi sallama ta shiga. Ta ajiye tiren a kan tebur, ta gaida baƙon yadda ya kamata, ta yi masa sannu da zuwa. Sannan ta juya ga yayanta, muryarta ba ta tashi ba.

"Ina so, Yaya. Wuri uku suka kira ni. Kai ka amsa musu da sunana ka ce na fasa."

Injiniyan ya dubi Yaya Habibu, ya dubi Baba da ke zaune a gefe, ya mayar da idonsa kan kwamfuta. Ta zuba musu ruwan wanke hannu ta fita.

Da yamma aka tara ta a ɗakin Baba. Ba a yi maganar wasiƙu bakwai ba, ba a yi maganar wata biyar ba. Maganar da aka yi ita ce ta tona asirin gida a gaban bare, ta zubar wa yayanta da mutunci, ta sa mahaifinta jin kunya a gaban yaron da bai kai ɗansa ba. Aka ce ta ba Yaya Habibu haƙuri. Ta dubi Inna, Inna ta kawar da kai. Ta durƙusa ta ba shi haƙuri saboda Baba. Ya ce ya yafe.

Ta buɗe sabon adireshi na kyauta wanda ba wanda ya san kalmar sirrinsa sai ita, ta sake aika takardunta wurare huɗu. Yanzu yawancin tallan aikin da take gani suna neman wanda ya taɓa aiki shekara uku, da takardar shaida daga inda ya yi. Ta yi shekara ukun. Takardar kuwa Yaya Habibu ne zai sa mata hannu, ya ce zai duba.

Ba a dake ta ba, ba a zage ta ba, ba a hana ta abinci ba, don haka duk wanda ta gaya wa sai ya tambaye ta wai me aka yi mata ne. A gidan Alhaji Tsoho kuwa, har yau in an tashi ba da labarin, daga ranar da Ikilima ta kunyata yayanta a gaban baƙo ake farawa.